Notin Kulle na Babur ɗin Bu Fahad

A gida Kaduna, idan aka tambayi Irene me mijinta yake yi a Dubai, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce injiniya ne. Kuma ba ƙarya ta yi ba, don a duk faɗin ƙasar Larabawa akwai mutum guda da yake kiran Clement Yashim "muhandis", wato injiniya da bakinsu. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk injiniyancin nan a kan babur guda ɗaya ya tsaya, wani tsohon ƙarfe mai taya uku da ya girmi aurensu nesa ba kusa ba.

Kada a ji taya uku a ɗauka keken haya ne irin na gida. Wannan na hawan yashi ne: taya ɗaya a gaba, biyu a baya, kowace ta kumbura kamar kabewa, ga sirdi mai faɗi, ga igiyar tayarwa da ake fizga irin ta janareta. Masu ƙera shi sun daina tun da daɗewa, saboda yana da halin kayar da mutum a kwana ba tare da ya nemi shawararsa ba. Kowa ya watsar da nasa ya sayi mai taya huɗu, ban da Bu Fahad, wani dattijo da ke zaune a izba, wato garken bayan gari, can wajen Al Awir, inda yake da raƙuma da awaki. 'Ya'yansa sun saya masa sabo dal, har da rumfa da wurin ajiye kofi. Ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa wa makiyayinsa makullin ya ce ya riƙa ɗaukar ciyawa da shi.

Clement mutumin Zonkwa ne, amma a Sabon Tasha ya koyi gyaran babur, a gindin wata bishiyar mangwaro da Oga Jeremiah yake kira gareji. Oga Jeremiah dattijon coci ne, ba ya shan giya, ba ya zagi, bai kuma taɓa gyara babur ya gyaru gaba ɗaya ba. Ranar da Clement, da rawar kan sabon shiga, ya ɗaure wa wani ɗan acaɓa kowane noti tamau, ogan ya jira mutumin ya tafi sannan ya kamo kunnensa.

"Kai, wa ya aike ka? Ka gyara masa komai da komai, to mako mai zuwa me zai kawo shi nan? Ni ban ce ka cuci kowa ba, Allah yana gani. Ka dai bar masa ɗan abin da zai sa ya tuna da kai."

A makaranta ba abin da ya taɓa zama a kan Clement kamar yadda wannan darasi ya zauna. Da shi ya yi aure, da shi ya yi wa mahaifiyarsa rufin kwano, da shi kuma ya hau jirgi ya zo Dubai, inda ya samu aiki a kamfanin Fahad, babban ɗan dattijon nan. Kamfanin na ba da hayar tantuna da janareta ne ga masu biki, yana da sito a Al Warsan, aikin Clement kuma shi ne kula da janaretocin. Ana cikin haka kasuwa ta ja baya. Fahad mutum ne mai fara'a, don haka da fara'a ya fara sallamar ma'aikata, kowa da "habibi" ɗinsa, wato masoyina, da tikitinsa na komawa gida. A garin nan zaman baƙo a sunan mai gidansa yake rataye. Idan bizarka ta ƙare bai sabunta maka ba, sai ka nemi hanyar filin jirgi. Clement yana kallo layi yana matsowa kansa, ya fara kasa cin abinci.

A daidai wannan lokaci ne babur ɗin tsoho ya ƙi tashi. Garejin da aka kai shi suka ce ba a samun kayansa, a haƙura. Tsoho ya ce ba zai haƙura ba, ya kuma hana ɗansa sakat. Don ya samu lafiyar kunnensa, Fahad ya tura Clement ya je ya gwada sa'a. Ba wata gwaninta ya yi ba, kafireto ya wanke, ya goge fulogi, aikin da kowane almajirin bakanike a Sabon Tasha zai yi yana cin gyaɗa. Ya fizgi igiya, babur ya yi tari ya kama. Bu Fahad ya ɗaga hannu sama ya ce, "Muhandis!" Tun daga ranar sunan Clement ya fita daga layin sallama.

Ba a daɗe ba aka sayar da janaretocin, Clement kuma ba wawa ba ne. Ya gane cewa zamansa a Dubai, da makarantar 'ya'yansa, da ɗankwalin da Irene ke gyarawa, duk a kan tayoyi ukun nan suke tsaye. Ya kuma gane cewa babur mai lafiya ba ya neman muhandis. Sai ya zauna ya yi nazarin inda zai bar abin tunawa, ya zaɓi sarƙa.

Sarƙar da ke juya tayoyin baya, wadda bakanikai ke ce wa cen, ba ta son matsi, ba ta kuma son a sakar mata da yawa. Idan za a daidaita ta, sai a sassauta ƙusoshin da ke riƙe da sandar tayoyin baya, a murɗa notin da ke jan sandar har sarƙar ta miƙe. Sannan a riƙa tura babur ɗin kaɗan-kaɗan ana taɓawa, don tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina, a nemo inda ta fi tsauri, a nan a bar mata wasa kamar kaurin yatsa. Daga nan sai a ɗaure notin kulle, wanda shi ke hana na farkon warwarewa, a mayar da ƙusoshi, a duba birki. Clement yana bin duk wannan tsaf, fuska a murtuke, har tsoho yana jinjina kai. Notin kulle ne kawai sifana ba ta taɓa zuwa kansa ba, da yatsu yake murɗa shi, ƙusoshin ma ya bar musu ɗan numfashi. Ya ƙarasa da baƙin mai, ya tsiyaya wa sarƙar har tana sheƙi, yadda ake yi a Kaduna. Da farko sabo ne ya sa shi. Daga baya ya lura cewa a nan mai yana kama yashi, su haɗu su riƙa cin sarƙar a hankali. Da ya gane haka sai ya ƙara yawan man.

Bayan 'yan kwanaki ana sukuwa a kan tuddai, noti ya warware da kansa, sarƙa ta fara dukan murfinta, kwas-kwas-kwas. Tsoho ya kira Fahad, Fahad ya turo direba, Clement ya sauka daga mota da akwatin kayan aiki, yana tafiya a hankali irin ta likitan da aka taso daga barci. Bu Fahad da kansa yake kawo masa gahawa da dabino, ya tattare farar jallabiyarsa ya tsuguna a gefe yana zuba Larabci. Clement yana tsintar kalma ɗaya ya rasa tara, yana gyaɗa kai a duk inda ya ga ya dace. A haka dai ya fahimci cewa a kan babur ɗin nan tsoho ya riƙa ɗora Fahad yana ƙarami, kuma sunan da yake kiransa da shi Ajuza, wato tsohuwa. Yakan dafa sirdin ya nuna ƙirjinsa ya yi dariya, wai shi da ita duk sun tsufa, duk kuma ba su yarda ba. Clement yana son dattijon nan har ga Allah, irin son da mutum ke yi wa saniyar da yake tatsa.

Mutum ɗaya ne ya san sirrin, Mutari, wani mutumin Maraɗi da ke ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a Naif, wanda gadonsa ke saman na Clement a ɗakinsu na Al Warsan.

"Vraiment, Kilema, kai ɗan duniya ne," in ji Mutari, yana leƙowa daga sama. Shi haka yake kiran sunan, da Faransancinsa. "Mu tun safe muna ɗagar kwali har baya ya ƙage, kai kuwa noti ɗaya ka ƙi ɗaurewa, ana ba ka salary da dabino."

"Sana'a ce, Mutari. Kai ba za ka gane ba."

Ranar Lahadi kuwa Clement yakan sa farar riga ya tafi sujada, muryarsa ta fi ta kowa kauri a wajen waƙa. Idan aka zo roƙon gafara yakan jero fushi da ƙyashi da kallon abin da bai kamata ba, amma noti bai taɓa shiga cikin jerin ba.

Haka aka yi ta tafiya har aka sabunta masa biza, aka kuma ci mafi yawan sabuwar. Sai ga wata ranar Agusta, cikin irin zafin da ko ƙofar mota ba a taɓawa da hannu tsirara. Wata taguwa ta ɓalle daga garke da hantsi, tsoho ya hau Ajuza ya bi sawunta can bayan tuddai, wayarsa kuwa tana kan matashi inda ya saba barinta. A nan sarƙa ta tsallake haƙoranta ta cushe. Ya sa hannu zai ciro ta, ƙarfe ya ƙone masa yatsu. Sai ya kamo hanyar gida da ƙafa, ba ruwa, ba inuwa. Bayan azahar makiyayi ya same shi kwance a gindin wata 'yar ƙaya, harshe ya kumbura, ba ya gane mutane.

Da Fahad ya kira ya ce ya zo asibiti, Clement ya tabbata asirinsa ya tonu. A mota yana ta shirya bayanin da zai yi wa 'yan sanda da Turancin da zai ishe shi. Yana isa, Fahad ya taso ya rungume shi.

"Laifina ne, habibi," in ji Fahad, idonsa ja wur. "Ka sha gaya mini tsohuwar nan tana son kulawa, ni kuma sai ta fara ƙara nake turo maka mota. Khalas, magana ta ƙare. Daga yau duk mako za ka je. Maganar biza kuwa ka cire ta daga ranka. Muddin babur ɗin nan yana ba mu wahala, kana nan tare da mu."

Da Oga Jeremiah yana kusa da ya tashi ya taka rawa. Aiki ya ci fiye da yadda aka tsara shi, ba a kama kowa ba, har da runguma a kai. Clement ya yi godiya, ya buɗe ƙofar ɗakin da tsoho yake kwance.

Bai taɓa ganinsa babu rawani ba. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne, kai duk furfura, leɓɓa sun tsattsage, yatsu a naɗe da bandeji, ana ƙara masa ruwa. Da ya ga Clement sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ya kamo wuyan hannunsa da hannun da ya ƙone.

"Muhandis," in ji shi, murya a shaƙe. Ya yi magana a hankali, don ya san Larabcin baƙonsa gajere ne. Wai kada ya ga laifin Ajuza, gajiya ce ta tsufa. Wai ya san muhandis yana iyakar ƙoƙarinsa. Sannan ya tambaya ko ya ci abinci, ya nuna dabinon da masu dubiya suka kawo ya ce a zuba masa a leda.

Kunya ta kama Clement, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya karɓi ledar ya fita, ya shige bayan gidan asibitin mai ƙamshin turare, ya kulle ƙofa ya yi kuka kamar ba magidanci ba.

Kafin a sallami tsoho, Clement ya bi wuraren sayar da tsofaffin ƙarafa na Sharja ɗaya bayan ɗaya, cikin ranar nan, har ya samo sarƙar da ta dace da farantan haƙora na gaba da na baya. Ya wanke komai da kananzir, ya kankare baƙin man shekara da shekaru, ya sayo man fesawa na musamman wanda ba ya kama yashi. Ya tura babur, ya taɓa, ya sake turawa, ya bar wasa daidai kaurin yatsa. Sannan a karo na farko ya ɗora sifana a kan notin kulle ya ɗaure shi har jijiyar wuyansa ta tashi. Tun da ya fara riƙe sifana bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba wanda ya tsaya ya gani sai awaki.

Ajuza ta warke sarai, abin haushi. Duk mako direba ya kawo Clement, ya tsuguna ya taɓa sarƙa, ya tarar ba abin yi, ya sha gahawa ya koma. Fahad ɗan kasuwa ne, kuma man mota ba kyauta ake ba shi ba. Duk mako ya koma bayan mako biyu, ya koma wata-wata, daga nan ya koma "za mu kira ka, inshallah". Sanyi ya shigo, tsoho yana hawa safe da yamma, ko kwas ɗaya ba a ji ba. Clement yana zaune a sito yana share tantunan da ba mai haya, wayarsa a gefe shiru, ranar ƙarewar biza kuma tana matsowa. Irene ta kira ta ce babbar 'yarsu Chastity ta samu shiga makarantar koyon jinya, kuma 'yan zumuntar mata sun sa maganar sabunta bizar a addu'a.

"Mon frère, ni ban ce ka kashe tsoho ba," in ji Mutari wata safiya, yana ɗaure takalmi. "Rabin murɗi kawai. Ta ɗan yi kwas-kwas, arbab, mai gidanka Fahad, ya tuna kana duniya. Yanzu fa sanyi ne, ko ta faɗi sai dai ya tako a hankali yana shan iska."

"Idan kuma ta faɗi a kan tudu ta kayar da shi fa?"

"Shekara nawa kana yi ba ta kayar da shi ba? Sau ɗaya aka samu matsala. Kai yanzu ka zama fasto ne? To fasto ma yana da 'ya'ya, Kilema. Ka tuna da yarinyar nan."

Abin da ya fi ba Clement haushi shi ne, ba inda Mutari ya yi ƙarya. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya kira Fahad ya ce lokacin duba sarƙa ya yi. Fahad ya ce dama zai je gaida mahaifinsa, ya zo su tafi tare.

A izba Fahad ya wuce wajen raƙuma yana waya. Clement ya shimfiɗa buhu ya durƙusa a bayan babur. Ya sa yatsa ya ɗaga sarƙa, ya saki. Tana nan yadda ya bar ta, ko kaɗan ba ta motsa ba, 'yar banza. Ya ɗauko sifana ya ɗora a kan notin kulle, ta zauna daram. Hagu ne sassautawa, dama ɗaurewa, kuma ba mai kallonsa da ya san bambancin. Gumi ya karyo masa duk da sanyin da ake yi. Ya tuna Chastity da farar rigar makarantar da ta turo masa hotonta, ya ji hannunsa ya fara karkata.

Inuwa ta faɗo a kansa. Bu Fahad ne da butar gahawa, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara. Ya tsiyaya a ɗan kofi ya miƙo. Yatsun sun warke, amma fatar wurin ta yi fari ta tattare.

"Zen, muhandis?" Wato lafiya dai?

Clement ya dubi kofin, ya dubi notin. Ya danna sifana dama, duk da ba sauran wurin da notin zai je.

"Zen, Baba."

Tsoho ya yi dariya, ya fizgi igiya sau ɗaya, Ajuza ta kama. Ya hau ya nufi tuddai yana ɗaga hannu, jallabiya tana kaɗawa. Clement ya tsaya ya kasa kunne har ƙarar injin ta ɓace, bai ji komai ba sai injin.

A hanyar dawowa Fahad bai gaji da yabo ba. Ya ce wallahi bai taɓa ganin aiki irin na Clement ba, ya ce mutanen Afirka akwai amana, ya ce hankalin duk gidansu ya kwanta. Sai da suka hango gine-ginen Al Warsan ya rage sautin rediyo.

"Ka san sito zan rufe ƙarshen wata, habibi. Da babur ɗin yana bukatarka kamar da, da na san yadda zan yi da bizar. Amma mashallah, ka gama da shi. Tikitinka yana wurina, kuma na sa a ƙara maka nauyin kaya, ka yi wa iyali tsaraba sosai."

"Shukran, arbab," in ji Clement, don ba a koya masa wata amsar ba.

Ya sauka a bakin titi da akwatin kayan aikinsa. Bai shiga ɗaki ba, don ba ya son ganin fuskar Mutari. Ya zauna a kan dakalin wani kanti ya kira gida. Irene ta ɗauka, ana jin ƙarar turmi a bayanta.

"Baban Chastity, yaya? An sa hannu a bizar?"

"Ki gyara ɗaki. Ina nan tafe kafin Kirsimeti."

"Kai, mun gode wa Yesu! Hutun kwana nawa suka ba ka?"

"Ba hutu ba ne, Irene."

Turmi ya tsaya. Matar nan ta san mijinta tun yana gindin mangwaro, don haka da ta buɗe baki ba ta yi kewaye-kewaye ba.

"Clement, gaya mini gaskiya. Me ka lalata musu?"

"Ban lalata komai ba," in ji shi. "Gyarawa na yi."